Sarkin Kunne da Bahaushiyar Sudan

Damina ashirin da shida ke nan tun da muka kai Haruna makwancinsa a gabas da Ƙofa, kuma har yau ban ji an ambace shi a jarida ba. Na jira 'yan boko su yi, ba su yi ba. Su ai ba sa tuna mutum sai in ya bar bene ko ya taɓa ɗumama kujera. Shi ya sa ni Mati, da na tsaya a aji huɗu na firamare saboda hedimasta ya ga na fi ƙarfin sauran azuzuwan, na ɗauki biro da kaina. Edita ya gyara inda rubutu ya karkace, amma kada ya taɓa zagin, da haƙƙina nake yin sa. Uwar Haruna ƙanwar ubana ce. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, taubasai ke nan, bawana ne tun yana cikin zanen goyo, kuma ban ji malamin da ya ce mutuwa tana 'yanta irin wannan bawan ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, don akwai abin yafewa.

In an tambaye shi sana'a sai ya ce gyaran rediyo. In rediyonka yana tari ka kai wa Haruna, zai dawo maka da shi ya daina tarin, ya daina numfashin ma gaba ɗaya. Noma kuwa, gonarsa ce kaɗai a Ƙofa da ciyawa take yi wa dawa inuwa. Amma Allah ya ba shi abu guda, ko ni da ba na son yabonsa dole in faɗa: kunne. A farkon shekarun tamanin, duk sabuwar waƙar da ta shigo ƙasarmu, daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, ta ɗakin Haruna ta bi. Ni na naɗa shi Sarkin Kunne don in ba shi haushi. Wawan ya karɓi sarautar hannu biyu, har yana amsawa.

Yaran yanzu ba za su gane wahalar ba. Yau sai ka ga ƙato zaune a gindin mangwaro ya ce wa ɗan'uwansa, "Tura min," kafin ka yi atishawa waƙa ta tashi daga wannan aljihu ta faɗa wancan. Ba wanda ya tambayi daga ina take, gobe kuma an manta ta. A da waƙa sai an je an ɗauko ta, kamar amarya. Haruna yakan hau kekensa har Tiga, wurin ma'aikatan ruwa, don a can ake samun mutanen kowace ƙasa, kowa da akwatin kaset ɗinsa. Ya durƙusa wa wannan, ya gyara wa wancan tocila, a ba shi aron kaset na wuni guda. Ya tare direbobin hanyar Jos, ya tare alhazai tun ba su kwance jaka ba. Ta Kwango, ta Indiya, ta Sudan, da irin ta samarin nan masu gashi kamar igiyar guga, duk ya kwaso.

In ya kawo, ba ya saki sai ya yi mata shari'a. Sau uku yake ji, ido a rufe, kai a karkace kamar kaza ta hango shaho. In ta yi masa ya ce, "A raba." In ba ta yi ba ya ce, "A mayar wa mai ita, a gaishe shi." Ba ya jin ko kalma ɗaya a cikin harsunan nan, amma wannan bai taɓa hana shi fassara ba. Akwai wata ta Kwango da ya tabbatar mana mawaƙin yana kukan rasuwar uwarsa ne. Shekara biyu muna jin ta da jimami, har wani dattijo yana share hawaye, kafin wani da ya yi fatauci a can ya gaya mana mutumin tallar sabulu yake yi.

Kuma a lokacin tare ake ji. Rediyo ɗaya a tsakiya, maza kewaye da shi, a yi musu, a yi gardama, wani ya yi fushi ya tafi ya dawo. Yanzu kowa ya cusa wani abu a kunne kamar mai ciwon kunne, yana gyaɗa kai shi kaɗai. Ka yi masa sallama sau uku, yana kallonka kamar saniya.

Wanda yake son waƙa sai ya kawo kaset ɗinsa da batir, Haruna ya ɗaukar masa, ya ɗiga jan fentin keke a kusurwa don a san ta hannun sarki ta bi. Wani ya bar rake, wani ƙwai, Fulanin da ke yawo da rediyo a kafaɗa su ajiye ƙwaryar kindirmo. Yadda yake ɗaukar kuwa, shi ne asalin labarin nan, kuma shi ne ya kusa raba shi da matarsa. Ba shi da wayar haɗawa, bai ma san ana yin ta ba. Rediyo biyu yake girkewa a kan tabarma, baki da baki, kamar tsofaffi biyu masu gulma, ɗaya na faɗa ɗaya na haddacewa. Duk abin da ya yi motsi a gidan sai ya shiga. Don haka da hantsi yake aikin, ya kore awaki, ya hana daka, ya hana tari. Gida ya koma kamar ana jiran hukuncin alƙali.

Matar tasa Rakiya sunanta, 'yar Malam Yusha'u na Badafi, malamin allo mai kwarjini. Yadda malami irin wannan ya ba mai kashe rediyo 'yarsa, har gobe ban gane ba. Watanta biyu a gidan, wani ma'aikacin ruwa da aka yi wa canjin wurin aiki ya ba Haruna aron wani kaset na Sudan, daga safe zuwa la'asar kawai, don kafin magariba motar kayansa za ta tashi. Haruna ya zo a guje, ya girke rediyoyinsa, ya ɗauka, ya mayar, ko ji bai tsaya yi ba. Sai da mai kaset ya yi nisa sannan sarki ya zauna shari'a.

Waƙar, gaskiya, ta isa. Goge ne jere guda suna tashi suna sauka, namiji yana bi a hankali kamar mai lallashi. Amma a tsakiya, inda gogen suka ja numfashi, sai zakara ya yi cara. Daga nan sai muryar mace ta ɗauki karin, can nesa kaɗan, ba kalma, amo kawai. Ta bi ta inda gogen suka bi, ta wuce su, ta dawo. Ta yi haka kamar tsawon alwala. Sannan ta matso kusa ta ce da Hausa tas, "Malam, kununka fa zai huce." Wani ya ce, "Shsh!" Ita kuma ta yi dariya. Gogen suka ci gaba.

Mai hankali in ya ji wannan sai ya ɓoye kaset ɗin. Amma na asali ya tafi, waƙar ta yi daɗi, Haruna kuwa ba ya iya riƙe waƙa mai daɗi kamar yadda mai mura ba ya iya riƙe atishawa. Ya ce a raba. Da aka tambaye shi wace ce matar, sai ya gyara zama ya yi bayani irin na masana: Bahaushiyar Sudan ce, jikar mutanenmu da suka tafi Makka a ƙasa suka maƙale a hanya. Zakaran ma na can ne, ba ku ji cararsa ta fi ta namu tsawo ba?

Aka yarda. Me zai hana, sarki ya faɗa. Kaset ya bazu. Direban Doguwa in waƙa ta zo wurin sai ya rage gudu, fasinja su yi tsit, a jira matar. A tashar Kiru in mai shayi ya ga ka daɗe kana surutu sai ya ce maka, "Malam, kununka fa zai huce," 'yan benci su ce "shsh," a fashe da dariya. Wani masunci a Tiga ya ce mini da zai samu hanya da ya je Sudan ya ga matar nan ko da tsohuwa ce. Rakiya tana cikin kulle, maza ba su san muryarta ba. Ni na sani tun jin farko, don taubashi yana shiga gida har madafa. Matan Ƙofa ma duk sun sani. Shekara bakwai suka riƙe maganar, ko ɗaya ba ta fasa ba. Ina so masu cewa mata ba su da zurfin ciki su rubuta wannan su ajiye, don wanda ya fasa yana da gemu, kuma shi ne yake muku rubutun nan.

Bidiyo ne ya jawo. Da ya fara shigowa garuruwanmu, wani Ɗan'azumi a Tudun Wada ya sayi talabijin da janareta, ya toshe tagogin wani shago da barguna, ranar kasuwa da rana tsaka a cika ana zufa ana kallo. Ya samo bidiyon waƙoƙin Sudan daga Kano, aka ce masa waƙarmu tana ciki, sai ya aiko musamman a gayyaci Sarkin Kunne. Aka ajiye masa kujera mai hannu a gaba, mu talakawa a benci. Haruna ya sa babbar riga. Na ga yana share goshi tun ba a kunna ba, na ce a raina yau kallo biyu za a yi.

Farkon abin takaici mawaƙin ne. Shekara bakwai muna zana shi a zuci, dogo, siriri, mai rawani. Sai ga wani gajere mai sanƙo da tabarau da kwat, tsaye ƙiƙam kamar an kira shi shaida a kotu, masu goge sun yi layi a bayansa. Aka haƙura, ai ba shi aka zo gani ba. Waƙa ta kai tsakiya, gogen suka ja numfashi, shago ya yi tsit, har wani ya ɗaga yatsa yana jiran zakara. Babu zakara. Babu mace. Gogen suka ci gaba abinsu.

Iliya, wani direban Doguwa, shi ya fara miƙewa.

"Ɗan'azumi, mayar da ita baya, ka tsallake."

Aka mayar. Babu.

"To ina matar? Mu fa ita muka zo gani, ba wannan mai kan ƙwarya ba."

Kowa ya juyo ga kujera mai hannu. Haruna ya yi gyaran murya.

"Ai abin da ya faru, hukumar can ce ta yanke wurin. Ba sa nuna matansu."

Da ya tsaya a nan da na bar shi. Amma sai ya ƙara da cewa wai a rediyo ya ji. Nan dariya ta ƙwace mini, bakina ya riga hankalina.

"Kai bawa, ji tsoron Allah! Ina ruwan hukumar can da Rakiya? Tana Ƙofa yanzu haka tana dama maka wani kunun."

Na zaci za a yi dariya. Wasu sun fara, sai suka ga fuskar Haruna suka haɗiye. Janareta kaɗai aka bari yana magana. A cikin masu kallon akwai 'yan Badafi biyu da suka zo sayar da gyaɗa.

Kwana biyu bayan haka gwaggon Rakiya ta zo ta tafi da ita ganin gida, da Binta, 'yar Rakiyar, a hannu. Ganin gida har da akwati. Mako ya wuce ba ta dawo ba. Dole aka tafi biko, kuma saboda babu adalci a duniya, ni aka ce in raka shi tunda ni na ɓata.

Malam Yusha'u ya karɓe mu a zaure. Muka cire takalma tun daga waje, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa gaisuwa har ƙarshenta, ya tambayi damina, ya tambayi iyaye. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Haruna, ban ce 'yata ta yi laifi ba. Mace tana aikinta a tsakar gidan mijinta ta yi 'yar waƙarta, wannan tsakaninta da gidanta ne. Kai na ba amana. Ka ɗauki abin cikin gida ka kai tasha, direba da kwandasta suna kwaikwayonta."

"Allah gafarta Malam, kuskuren na'ura ne."

"Na'urar ce take ɗiga jan fenti?"

Haruna ya sunkuyar da kai. Malam ya yanke: duk kaset ɗin da ya fita ta hannunsa ya dawo zauren nan, har da uwar da ake ɗauka daga gare ta, a ƙone, kuma kada a sake samun ko ɗaya a gidansa. Ran da aka gama, Rakiya ta koma. In ba a gama ba tana nan, gidan ubanta bai yi mata kaɗan ba. Ya tashi ya shiga masallaci.

Muna neman takalmanmu sai muka ji ta daga bayan ƙofar cikin gida. Da ni ta fara.

"Mati mai bakin ganga, sannu da aiki."

Na ce yawwa. Sannan ta koma kan mijinta.

"Malam, ni ba tashar ce ta dame ni ba. Shekara bakwai ina jiyowa ta katanga ana cewa babu murya irin ta matar nan. Ina ta jiran ran da za ka shigo ka ce mini, ke fa ake nufi, kuma gaskiya suka faɗa. Ko a ɗaki, mu biyu. Ba ka faɗa ba. Ka ɗauka ka ba 'yar Sudan."

Ga dama ta samu, ko jaki ya san abin da zai ce a nan. Sarkin Kunne ya buɗe baki ya ce, "To ai zan karɓo su duka." Na ji takunta ta koma ciki.

Daminar nan Haruna bai ga gonarsa ba, ko da yake gonar ba ta lura ba. Ya ɗaura buhun taki a bayan keke ya bi Bebeji gida gida, ya bi Kiru, ya hau bayan a-kori-kura zuwa Tudun Wada da Doguwa. Don kada a ce ya yi ƙwace, sai ya ɗauko waƙar tsaf daga bidiyon Ɗan'azumi, yana ba kowa sabuwa a madadin tsohuwa. Mutane su saurara su yamutse fuska su ce, "Wannan ai jabu ce, miya ba gishiri." Iliya direba sai da aka haɗa shi da ubansa sannan ya bayar. Wani Ardo Buba ya tashi da rugarsa can wajen daji, Haruna ya bi sawun shanu kwana biyu cikin taɓo. Ardo ya ba shi nono ya sha, ya ji buƙatarsa, ya ce, "Sarki, ka ɗauke namijin da gogensa, ka bar mana inna." A ranar Haruna ya koyi cewa "useni," wato don Allah da Fulatanci, ya yi ta faɗa har Ardo ya gaji ya miƙo.

Da ya zo kaina na ce masa nawa ya faɗa ruwa a Tiga, ina cikin kwalekwale. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Allah ya mayar da alheri," ya hau kekensa. Kaset ɗin yana cikin rufin ɗakina, a naɗe cikin tsohuwar hula. Kada a tambaye ni dalili. A lokacin na ce wa kaina don in ci gaba da tsokanarsa ne.

Bayan an yanke gero aka tara su a bayan makarantar Malam aka cinna wuta. Warin roba ya kai har bakin kasuwa. Uwar kaset ɗin kuwa, Haruna ne ya jefa ta da hannunsa, a ƙarshe. Washegari Rakiya ta koma Ƙofa. Ya sayo wayar haɗawa a Kano, daga nan aikinsa ya zama tsaf, babu zakara, babu akuya, babu kowa. Daga nan kuma mutane suka fara janye jiki, don shaguna masu na'ura mai baki biyu sun buɗe a kowace tasha, kuma tsaf ɗinsu ya fi nasa. Rakiya ta ci gaba da dama kunu. Na sha shiga gidan, ban ƙara jin ta bi wata waƙa ba.

Shekara biyar bayan haka zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta.

Da aka yi sadakar arba'in sai ga Haruna ya sake hawa keke. Ya bi ƙofofin da ya bi da, Bebeji, Kiru, Tudun Wada, Doguwa, yana tambaya ko akwai wanda ya yi masa ƙarya a wancan karon. Mutanenmu kuwa, abin haushi, ashe masu gaskiya ne. Guda ɗaya ya samu a wurin wani kwandasta, wanda aka ɗauka daga wanda aka ɗauka daga wanda aka ɗauka, muryar ta koma kamar sauro a cikin gora. Ni ina zaune ina kallonsa yana wucewa ta ƙofar gidana, ya rame, riga ta yi masa yawa. Kullum in ce gobe zan kai masa. In na tuna zan tsaya a gaban bawana in ce na yi ƙarya, sai goben ta ƙara gaba. Wata uku muka yi a haka. Ba na alfahari da wannan, na rubuta ne don kada in je can in tarar ya riga ni faɗa.

Ran nan da hantsi ya jingine keke a jikin katangata, ya zauna a kan dakali.

"Mati, ruwan Tiga ba ya dawo da kaya ne?"

"Wane kaya?"

"Kai da ko kwalbati ba ka tsallakewa sai ka yi addu'a, yaushe ka shiga kwalekwale? Tun ranar na sani. Abin da ka gaya mini shi na gaya wa Malam, ƙaryar tana wuyanka."

"To me ya sa ka zagaye ƙasa wata uku?"

"Don kada in roƙe ka. Ga shi na roƙa. Ɗauko, ubangidan banza."

Na ɗauko. Ya duba jan fentin, ya sa biro ya ɗame zaren, ya hure kan rediyo, ya saka. Ya rufe ido, ya karkace kai. Zakara ya yi cara. Ta ɗauki karin. Da ta ce kununsa zai huce na ga leɓensa ya motsa, amma Harunan cikin kaset ne ya ce shsh. Sau uku ya ji, bisa ƙa'ida. Na jira hukunci.

"Ta fi mawaƙin," ya ce. "Ta fi shi nesa. Shi koya masa aka yi. Ita ji ɗaya ta yi ta bayan asabari, tana damu."

"Ka gaya mata?"

"Ina ta shiri."

Na yi masa zagin da ban taɓa yi masa ba, kuma wannan ne kaɗai karon da bai rama ba. Na ce to, a raba? Ya ce a'a, wannan ba a rabawa. Bai tafi da shi ba, don ya yi wa Malam alkawari ba za a samu a gidansa ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo, ya ji sau ɗaya kada zare ya gaji, ya sha ruwa ya tafi. Shekara huɗu yana haka, har Juma'ar da bai zo ba.

Nakan zauna in ce, da Haruna zai leƙo yau me zai ce? Ana nuna mini bidiyon waƙoƙin yanzu a waya. Mutum ya jingina da motar da ba tasa ba, a ƙofar gidan da ba nasa ba, yana waƙa da muryar da ita ma ba tasa ba, na'ura ta murɗe ta har ta koma kamar akuya ta shaƙi hayaƙi. Kowace waƙa da bidiyonta, an gama nuna maka komai, ba a bar wa zuciyarka aikin zana kowa ba. Na san hukuncinsa: a mayar wa mai ita, kuma kada a gaishe shi. Amma kada in cuce su, na san bawana. In ya gama zagin, shi zai fi kowa cika waya da su, yana tare mutane a hanya yana cewa tsaya ka ji wannan, yana fassara musu abin da bai sani ba.

Bara Binta, wadda yanzu ita ma ta aurar da 'ya'ya a Kiru, ta zo ta gaishe ni ta ce, "Baba Mati, an ce muryar Inna tana wurinka." Na ce wa ya ce? Ta ce duk Ƙofa. Ashe sirrin nawa ma irin na ubanta ne. Na yi mata sharaɗi, ba turawa. Ta ce ta ji. Na nemo batir na kunna. Sai ta ciro wayarta ta kara a bakin rediyon, baki da baki, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Baba, don Allah kada ka yi tari." Na dubi wayar nan da rediyon nan a kan tabarma, na dubi yadda ta karkace kai. Ban yi tari ba. Amma da aka zo kan shsh ɗin nan, abin da na saba faɗa ya fita da kansa, na ce, "Wawa." Ya shiga wayar. Ta ce a sake, na ce zare zai gaji.

To me ya rage na Sarkin Kunne? Kaset masu jan fenti, ban da nawa, sun ƙone ko sun lalace. Waƙoƙin da ya sha taɓo ya ɗauko, yau mutum zai samo su yana kwance, kuma ba zai nema ba. Gonar, 'ya'yansa sun gyara ta har ta manta shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yanke wa mawaƙan duniya hukunci, abin da ya rage na muryarsa a bayan ƙasa bai kai kalma ba. Shsh ne kawai, kuma ya faɗa wa mace ɗaya tak da ya kamata ya ce wa ta ƙara. Ita kuwa ba ta bi ba, dariya ta yi masa.

Ina jin su sau ɗaya duk shekara in damina ta kama. Ita tana dariya, shi yana hana ta, kunu yana hucewa. Allah ya jiƙan Rakiya. Shi ma bawan nawa Allah ya jiƙansa, ya haɗa su wuri ɗaya, ko ya gama shirin ya gaya mata.